Kwana Uku da Baba Issufu Zuwa Bakin Teku

A shekarata ta uku a Guangzhou ta ƙasar China malamarmu ta darasin safiyo ta raba mana aikin ƙarshe. Kowane ɗalibi zai zaɓi hanyar ƙafa ta kwana uku, ya taka ta da kansa, ya rubuta yadda take: inda ake hawa, inda ake gangara, inda akwai ruwan sha, inda mutum zai iya ɓata. Sharaɗi ɗaya ta maimaita har sau biyu. Ba a tafiya mutum ɗaya. Dole a samu abokin tafiya, babban mutum, wanda zai sa hannu a takarda a ƙarshen hanya, a kuma ɗauki hotonku tare a wurin. Wanda ya kawo aiki babu wannan sa hannun zai maimaita shekara.

Aikin kansa bai ba ni tsoro ba. Cikin mako guda na zana hanyata, kudu maso yamma da birnin: rana ta farko a kan tuddai masu ciyawa, ta biyu a kwarin wani kogi, ta uku a gaɓar teku har zuwa wani ƙauyen masunta. Abokin tafiyar ne ya gagare ni. Kafin in gama shirya kalmomin da zan tambayi wani da su, 'yan ajinmu sun riga sun haɗu bibbiyu. Shekara uku muna zama tare, amma yawancinsu sun fi sanin rubutuna da muryata.

Ranar Juma'a bayan masallaci nakan je wani gidan abinci na mutanenmu da ke hawa na biyu, kusa da kasuwar takalma ta Zhanxi, in ci tuwo in saurari hirar 'yan kasuwa. A nan Alhaji Tasi'u, wani Bakano mai sarin takalma da ya san mahaifina, ya ga ina juya cokali ba na ci.

"Habibu, lafiya? Ko 'yar China ce ta ce ba ta yi?"

Aka yi dariya. Na yi bayani a hankali, kaina a ƙasa. Da na kai wurin kwana uku a ƙafa, dariyar ta ƙaru.

"A ƙasar da jirgin ƙasa yake gudu kamar harsashi?" in ji Alhaji Tasi'u. "Ni ko daga nan zuwa ƙasan bene sai na nemi lifta."

Wani dattijo ne a kusurwa bai yi dariya ba. Sunansa Baba Issufu, mutumin Maraɗi, dogo, siriri, yana sarin fitilu masu caji da hasken rana. Kayansa sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Nansha, an ce masa sai bayan mako biyu, kuma zaman ɗakin otal ya ishe shi.

"Ɗan lakol," ya ce, wato ɗan makaranta a Hausar Maraɗi, "kilomita nawa?"

Na faɗa masa.

"Wanga ai ba tafiya ba ce. Ina da ƙuruciya na kora shanu daga Dakoro har Jibiya, ba takalmi. Bon, ni za ni raka ka."

Da zan fita, Alhaji Tasi'u ya biyo ni bakin ƙofa, ya miƙa mini takalmi mai kauri daga samfurin da ke jakarsa, ya rage murya. "Mutumin kirki ne, amma ba a yi masa musu. Ya taɓa barin ɗan'uwansa a tsakiyar kasuwa a kan magana ɗaya, sai da aka shekara kafin su gaisa. Ka bi shi a hankali."

Na ce babu damuwa. Ni da ban taɓa yi wa babba musu ba tun da aka haife ni.

Bas ya sauke mu a wani ƙaramin gari da hantsi. Daga nan muka hau babura biyu zuwa gindin tudu. Na nuna wa mai babur ɗin wurin a taswira, ya gyaɗa kai da ƙarfi, ya ce ya sani sarai. Ya sauke mu a bakin wata masana'antar bulo, ya nuna sama da hannu, suka juya da gudu. Sai da na buɗe wayata na ga mafarin hanyar yana can gaba da nisan tafiyar awa guda, inda kwalta ta ƙare, wurin da ba su so su kai baburansu ba. Baba Issufu ya bi su da kallo, ya ce irin waɗannan ko a Tasawa akwai su, ya saɓa jakarsa. Ni kuwa na buɗe littafina na rubuta gargaɗi na farko: kada ka sauka sai ka ga ƙaramar gada mai jan fenti.

Ban taɓa zaton akwai irin wannan wuri kusa da Guangzhou ba. Da muka fita daga cikin bishiyoyi sai ga tuddai a jere, babu gida, babu inuwa, ciyawa ce kawai mai tsayin gwiwa iska tana kwantar da ita. Ƙasar tana da laushi, wani wurin in ka taka sai ruwa ya ɓullo ta gefen takalmi. Ina tsayawa kowane rabin awa in rubuta tsayin wuri da inda muka fuskanta. Baba yana jirana, hannuwansa rataye a kan sandar gora da ya gicciya a wuya.

Bayan azahar gajimare ya sauko ya rufe mu. Ba na ganin abin da ya wuce taku goma. Wayata ta daina kama komai. Taswirata ta ce hanya ta bi hagu, ta kan ƙugun tudu, na kuwa faɗa masa haka.

Ya tsuguna ya ɗauki wani abu a ƙasa ya murza a yatsu. Kashin shanu ne.

"Na yau ne. Dabba ba ta kwana bisa tudu cikin wanga sanyi, gida take zuwa. Mu bi sawu."

Sawun ya yi dama. Na buɗe baki, na tuna maganar Alhaji Tasi'u, na rufe. Muka bi sawun, yana gaba yana duba karyewar ciyawa. Kafin la'asar sakaliya muka sauko daidai bayan ƙauyen da na shirya za mu kwana. Mai masaukin ya gaya mini cewa hanyar hagu ta zabtare tun damina, rabin tudun ya tafi da ita. Na fassara wa Baba. Ya yi ta shafa gemunsa har muka gama cin abinci.

Na gyara taswirata da jan biro, na rubuta sunansa a gefe a matsayin wanda ya gano hanyar. Ya sa na karanta masa wurin sau biyu.

Rana ta biyu ita ce mafi daɗi, ita ce kuma ta fi cin ƙafa. Kogin yana tafe a hagunmu, wani wuri ya matse tsakanin duwatsu, wani wuri ya baje cikin gonakin shinkafa. Mun tsallaka shi sau biyar, uku a kan gada, biyu a kan duwatsun da aka jera. A tsallakawa ta huɗu matsattsaku suka kama ni a ƙwauri. Baba ya ciro gishiri daga wani ƙullin leda a aljihunsa ya barbaɗa musu, suka faɗo.

"Ka zo da littafi ukku, ba ka zo da gishiri ba," ya ce.

Wajen azahar muka ratsa wani wuri da ake ƙona tattakar shinkafa. Ƙamshin hayaƙin ya tsayar da ni cak. Haka bayan gidanmu na Gwarzo yake yi in an gama girbi, lokacin da Inna take aikena in kai wa masu aiki kunu. Shekara biyu da rabi ke nan rabona da ganinta sai ta waya, kuma duk sanda muka yi magana tambayarta ɗaya ce, yaushe zan gama. Na ce mata bana. In na rasa sa hannun nan, sai in nemo bakin da zan ce mata baɗi.

Ruwanmu ya ƙare a wannan yankin. Baba ya nufi wani gida kai tsaye ya yi sallama da Hausa, kamar yana ƙauyensu. Wata tsohuwa ta fito, gajeriya, bayanta a lanƙwashe. Yaren da take yi ba irin wanda na koya a makaranta ba ne, ba mu fahimci juna ba ko kaɗan. Baba ya ɗaga gorarsa ya kifa ta. Ta shige ciki ta fito da buta mai tururi. Mutanen can ba sa ba baƙo ruwan sanyi. Ta zaunar da mu a benci, ta kawo dafaffen dankali da ƙwai huɗu. Da ta ga Baba yana leƙen kwanon, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta nuna masa ɓawon bai fashe ba, ta nuna tukunyar da babu komai cikinta sai ruwa. Ban san inda ta san damuwarmu ta gudun cin abin da ba halal ba. Baba ya ba ta ƙaramar fitila daga samfurinsa, ta ƙi, ya ajiye a kan benci muka tafi. Muna waiwayowa muka hange ta tana kunnawa tana kashewa da rana tsaka.

A hanya ya ba ni labarin kogunan da ya tsallaka da shanu. Ya ce ruwa ba ya yi masa ƙarya. Yana duban launinsa ya san ko an yi ruwan sama a gabas, yana taka yashi ya san ko zai riƙe saniya. Na yarda da shi, domin na gani da idona.

Rana ta uku muka bar kogin inda ya fara faɗi, muka bi ta cikin gonakin ayaba da tafkunan kiwon kifi. Ƙafar Baba ta hagu ta yi kanta ta fashe, yana ɗingishi amma bai ambata ba. Ƙarfe ɗaya saura muka hau wata doguwar katanga da aka gina don tare ruwa, sai ga gaɓar a gabanmu.

Babu teku. Laka ce shimfiɗe, launin toka, tana ƙyalli har inda ido ya tsaya. Can tsallake, ƙauyen masuntan ne, ana ganin farin ginin da ke bakin matsayar jiragensu, inda hanyata ta ƙare. In ka miƙe ta cikin lakar, bai fi tafiyar awa guda da 'yan mintuna ba. Hanyar da na zana kuwa ta bi kan katangar ta zagaye, awa huɗu.

Baba ya sauka ya caka sandarsa, ya taka da ƙafa ɗaya, ya taka da biyu.

"Tana riƙewa. Fadama ce ta rani. Mu yanke."

Tun a makaranta na kwafe jadawalin cikowar teku na wannan gaɓar a shafin ƙarshe na littafina, na kuma sake duba shi da safe. Ruwan ya gama janyewa tun kafin sha biyu. Yana hanyar dawowa.

"Baba," na ce, "ko za mu yi azahar tukuna?"

"Matafiya muke. Mu haɗa da la'asar in mun isa."

"Baba, ruwan zai dawo."

"Da wace damina?" Ya ɗaga kai ya dubi sama, babu ko ɗigon gajimare. "Ɗana, ruwa ba shi zuwa sai da dalili. Ko an yi sama, ko an buɗe madatsa."

"Wannan kullum yake tafiya ya dawo. Sau biyu a yini."

"Na ga teku a Kwatano, ba sau ɗaya ba. Shekara ashirin ina zuwa ɗaukar kaya. Inda na bar shi nan nike iske shi."

Na sauko na buɗe masa shafin. Ya dube shi kamar yadda ake duban rasit ɗin da ba a yarda da shi ba.

"Takardar ga ba ita ta ce mu bi hagu ba shekaranjiya?"

Gaskiya ne, takarda ta yi kuskure a kan tudu. Ya nuna can tsakiyar lakar, inda wasu mata suke sunkuye suna tonon kawa, wani irin dodon-koɗin teku da ake ci. "Ga mata can. Su ba su da rai?" Ya naɗe ƙafar wandonsa ya fara tafiya.

Na tsaya ina kallon bayansa. Na san abin da nake shirin rasawa. In na bi shi, lissafina ya nuna ruwa zai same mu a tsakiya, inda wani kwararo ya ratsa lakar, ga shi da ciwon ƙafa, ni kuma ban iya iyo ba. In na ƙi, mutumin da ya shekara bai gaisa da ɗan'uwansa ba zai iya tafiya da sa hannunsa. Amma a kan lissafin ban yi shakka ba. Shekara uku ba abin da nake yi sai shi.

Na koma kan katangar, na sauke jakata, na zauna.

"Baba, ba zan bi ka ba."

Muryar ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Ya tsaya, ya juyo.

"Mi ka ce?"

"Na ce ba zan shiga ba. Kai ma ina roƙonka kada ka shiga. Ka ba ni zuwa ƙarfe biyu. In ruwa bai zo ba, zan ɗauki jakarka da tawa har tsallake, kuma in mun koma ka faɗa wa kowa."

Ya daɗe a tsaye, laka har idon sawu. Daga baya ya gaya mini cewa a wurin makiyaya, wanda kuka fito tare ba a barinsa a hanya ko da kun yi faɗa, sai an isa masauki a rabu. Wannan ne kawai ya dawo da shi. Ya hau katangar ya zauna nesa da ni, ya ba ni baya.

Ban taɓa jin minti arba'in masu tsawon waɗannan ba. Ɗaya da rabi, laka tana nan yadda take. Biyu saura kwata, wasu fararen tsuntsaye suka sauka suna kiwo a daidai inda na ce ruwa zai bi. Baba ya duba agogonsa, ya yi gyaran murya, ya fara ɗaure igiyar takalminsa a hankali yadda zan gani. Na sake bin lissafina daga farko. Bai canza ba.

Matan ne suka fara motsi. Kowacce ta ɗora kwandonta a kan wani dogon katako, ta durƙusa a kai da gwiwa ɗaya, tana tura laka da ɗaya ƙafar. Katakon yana sulɓi da gudu kamar keke. Cikin 'yan mintuna suka iso gindin katangar. Ɗaya daga cikinsu, mai faffaɗar hula, ta ga sawun Baba da ya shiga ya dawo, ta dubi ƙafafunsa, ta yi masa faɗa mai tsawo da yarensu tana nuna wuyanta da hannu.

Ruwan bai zo ta gaba ba, yadda ni kaina na zata. Ta kwararon tsakiya ya shigo, shiru, kamar an buɗe famfo a wani wuri, ya rarrabu ta ƙananan hanyoyi ya zagayo ta bayan inda mutum zai kasance. Kafin biyu da kwata tsakiyar ta zama kogi. Kafin uku babu laka ko kaɗan, sai ruwa mai launin shayi yana dukan duwatsun da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, sawun Baba yana can ƙasa.

Ya miƙe tsaye yana kallo. Ya ɗebo ruwan da tafin hannu ya ɗanɗana ya tofar.

"Kullum?" ya ce, bai dube ni ba.

"Kullum, Baba."

"Kuma su mutanen nan sun yarda suna zaune da shi haka."

Muka yi sallah a kan katangar, shi ya ja mu. Sannan muka kama zagaye. Awa huɗun ta zama biyar saboda ƙafarsa. Na karɓi jakarsa a rabin hanya, ya bar mini. Ban daina aikina ba: na rubuta inda katangar ta tsage, inda akwai famfo, na kuma ja layi biyu a ƙarƙashin gargaɗin da ya fi kowanne tsawo a littafin. Har muka isa ban san matsayina a wurinsa ba.

Dare ya riga ya yi muka kai farin ginin, fitilar ƙofarsa tana haska wurin. Wani masunci da ke gyaran raga ya yarda ya ɗauke mu hoto. Na ciro takardar daga leda na miƙa wa Baba da biro, da hannu biyu. Ya karɓa, ya zauna a kan wani tulin igiya, ya ɗora ta a gwiwa. Bai rubuta ba.

"Tambaya ɗaya, ɗan lakol. Da na wuce, da ka biyo ni?"

"A'a."

"Sai ka zauna kana kallo ruwa shi ci tsoho?"

"Da na yi ihu."

"Kai?" Ya yi wata gajeriyar dariya. "Kai da ko mai shayi ba ya jin kiranka?"

Na buɗe masa tafin hannuna na hagu. Tun lokacin da ya ba ni baya a kan katanga na rubuta lambar masu ceto a wurin, da sunan gaɓar, da jimla ɗaya da Sinanci, don kada tsoro ya sa in manta kalmomin. Gumi ya ɗan narkar da tawadar, amma tana karantuwa.

"Mi ka rubuta nan ƙasa?"

"Na ce, babana yana cikin ruwa, ku zo da sauri."

Ya riƙe hannun nawa ya daɗe yana duban rubutun da ba ya iya karantawa. Sannan ya sake shi, ya gyara zaman takardar a gwiwarsa, ya rubuta sunansa da ajami, cikakke, har da na mahaifinsa.